Fararen Duwatsun Baba Isiyaku

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 14 ga Mayu 1996, daidai da 26 ga Zulhajji 1416, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Isiyaku na unguwar Wambai a Suleja, wanda aka fi sani da Baba Mai Fili. Ya rasu a ɗakinsa bayan jinyar wata biyu, yana da shekara saba'in da huɗu a lissafinsa. Ya bar matarsa Inna Daso, da 'yarsa Ikilima, da jikoki biyar. Ba a yi sanarwa a rediyo ba. Mu da muka sallace shi ba mu cika sahu uku ba, kuma kafin magariba mun dawo daga maƙabarta.

Ni ba ɗanka ba ne, Baba, ba kuma danginka ba. Sunana Sha'aibu, Bakano, mai zanen taswira a wata ma'aikatar gwamnati da aka kwaso daga Legas zuwa Abuja a ƙarshen 1991. Abuja ba ta tanadi makwancin irinmu ba, sai muka kwararo Suleja, ni kuma Allah Ya jefo ni ɗakin da ke jikin zaurenka. Na zo da akwati ɗaya da tsohuwar Besfa, shekara guda bayan na binne matata Sa'ida a Legas. 'Ya'yana suna Kano wurin ƙanwata. A lokacin ba na son magana da kowa. In fita da asuba, in dawo in rufe ƙofa, shi ke nan.

Kai ka ƙi yarda da haka. Kullum da safe kana bakin zaure a kan buzunka, da na turo babur sai ka ce, "Bakano, yau ma za a je a zana wa mutane ƙasarsu a takarda?" Da farko haushi nake ji. Daga baya na tuna wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa, na fara ramawa, ka yi ta dariya har da tari. Ban taɓa dawowa daga aiki ban tarar da kwanon tuwo rufe da faifai a ƙofata ba. Da zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara, kai ka riƙa ɗebo mini ruwan wanka da hannunka, kana mita wai Kanawa ba su da ƙashi. Ƙaramar Sallar farko da ban samu zuwa gida ba, ka sa jikokinka suka zo suka durƙusa suka gaishe ni kamar yadda suka gaishe ka. Na shiga ɗaki na yi kuka, ka ji, ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Abu biyu ya sa na ɗauki alƙalami. Na farko, akwai wani fili da za a yanka fulotai a gina gidaje a kansa, in ban rubuta labarinsa ba babu mai rubutawa. Na biyu, na yi maka laifi a filin nan, ban sani ba sai da ƙasa ta rufe ka.

Duk wanda ya zauna a Wambai ya san kowace Asabar Baba Isiyaku yakan ɗaure bokitin farar ƙasa a bayan kekensa ya kama hanyar Izom. Bayan tafiya mai ɗan nisa akwai wata 'yar hanya da ta ratse dama, ta ɓulla wani shimfiɗaɗɗen wuri da manoman yankin ke kira filin jirgi. Samarin unguwa sun mai da abin raha. In ka dawo sai su ce, "Baba, jirgin ya sauka?" Kai kuma ka ce, "Yana hanya." Labarin da ke yawo shi ne wai Bature ya ce ka jira shi, kai kuma da gaskiyarka kake ta jira shekara hamsin. Ni ma haka na ɗauka. Na ce a raina tsufa ne, kowa da irin nasa.

A farkon 1992 gwiwoyinka suka ƙi keke. Wata Asabar na gan ka zaune, bokiti a gabanka, farar ƙasa ta jiƙa har ta fara daskarewa. Na ce hau mu je. Tun daga ranar, in ban da lokacin da na je Kano, ba Asabar ɗin da ba mu je tare ba.

A hanya ka ba ni tarihin, guntu-guntu, kana ihu a kunnena saboda ƙarar babur. Ka ce a 1942 ne, ana tsakiyar yaƙin Hitila, lokacin garin nan shi ake kira Abuja. Jiragen yaƙi suna tasowa daga bakin teku su bi ta Kano su wuce gabas, sai aka so a sami wurin da wanda ya sami matsala a hanya zai iya sauka. Aka yi ɗiban mutane, kowane mai unguwa da kowane dagaci ya kawo nasa. Kana ɗan shekara ashirin aka ɗebe ka tare da yayanka Khamis. Wata huɗu kuna sare ɗorawa da kaɗanya, kuna tuge kututture, kuna rushe suri. Matan Gwari suna kawo marmara a kafaɗa, ana zubawa ana daɓewa da maɗaɓai, kamar daɓen ɗaki, sai dai wannan ɗakin tsawonsa yadi dubu da ɗari biyu ne. Aka jera duwatsu hagu da dama aka shafe su da farar ƙasa don matuƙi ya hango daga sama. Baturen da ke kula da aikin, wanda kuke kira Mai Lofe, ya ba ka aiki uku: ka zagaya kowace safiya ka rushe abin da gara ta gina, ka sabunta farin duwatsu, in kuma an ji ƙugin jirgi ka kunna ɗanyen ganye don hayaƙi ya nuna inda iska ta dosa, ka kaɗa tuta mutane su kauce.

Na tambaye ka jirage nawa suka sauka. Ka ce uku. Na yi dariya har babur ya karkace. Duk wannan wahala don jirgi uku! Ba ka taya ni dariyar ba. Ka dai ce da yaƙi ya ƙare aka kwashe gangunan mai da tantuna, Mai Lofe ya ce ka riƙa leƙawa kafin a aiko wanda zai karɓe ka, ba a kuwa aiko ba.

Abin da na tarar a ranar farko bai kai a kira shi filin jirgi ba. Tsakiyarsa duk kunyoyin doya ne da karan dawa. Akwai gindin siminti inda sandar tuta ta taɓa tsayawa, da rijiya wadda bakinta ya zube rabi, da wata ruɓaɓɓiyar ganga da ƙadangaru suka mai da gida. Sai fararen duwatsun, layi biyu, suna tafiya har inda ido ya gaza. Manoma suna noma su kewaye su saboda ganin girmanka. Ni kuwa da na ga layi, sai jinin aikina ya motsa. Na ɗauko tef da littafi na hau awo. Duwatsu ɗari biyu da goma sha ɗaya a layukan biyu, da giɓi ɗaya a layin arewa. A ƙarshen fili ta gabas akwai shida da aka jera a gicciye, na rubuta cewa alamar iyakar fili ce. Can gefe kuma, wajen wata kaɗanya, ga wani dutse shi kaɗai, ba ya layin kowa.

Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Ko hoto ne a bangon wani sai na miƙe na daidaita shi. Ka tafi rijiya yin alwalar azahar, ni kuma na tattare riga na ciccibi dutsen nan, na kai shi na cike giɓin layin arewa. Ya zauna ɗas kamar don wurin aka yi shi. Ina karkaɗe hannu ka dawo. Ka tsaya ka daɗe kana duban wajen kaɗanyar.

"Ina dutsen da ke can?"

"Na mayar da shi layi, Baba. Da alama shanu ne suka ture shi."

Ka dube ni, ka dubi dutsen a sabon wurinsa. Sannan ka ce, "To. Ka gyara ke nan. Sannu da aiki, Bakano."

Na ji daɗin yabon. Na rubuta a littafina, "Dutse ɗaya ya kauce, an gyara," na manta da zancen.

Shekara huɗu muka yi muna wannan aiki. Inna Daso ta jiƙa farar ƙasa tun daren Juma'a, ni in riƙe bokiti, kai ka tsoma tsintsiyar kaba kana shafawa, kashi-kashi, yau wannan gefe, mako mai zuwa wancan. Amma shidan nan na gicciye kowace Asabar sai ka shafa su, ko da farinsu bai dusashe ba. Daga nan mu bi 'yar hanyar da ta tafi gindin kaɗanya mu zauna mu ci rogo da ƙuli. Hanyar nan ta sha ba ni haushi. Tana tafiya sak, sai ta yi wata kwana ba dalili, ta zagaye fili fetal, sannan ta koma. Da damina kana sa ni share ta da fartanya, kuma dole in bi kwanar. Na sha ce maka Zazzagawa ko hanya ba su iya ja ba. Kai kuma ka ce, "Bi dai yadda ka gan ta." Wata rana na gaji na yi niyyar yankewa, sai na ji ka riƙo hannun rigata, ka ce akwai ƙaya. Ban ga ƙaya ba, amma na zagaya.

A gindin kaɗanyar nan na fara iya ambaton Sa'ida. Kana saurare, kana jan carbi, ba ka cika ni da wa'azi. Sau ɗaya ka ce wanda ya san inda nasa yake kwance ya gode Allah. Na ce kabarinta yana Legas, ban san ko zan gane shi yanzu ba. Ka ci gaba da jan carbinka har muka tashi.

A watan Maris na bana ciwo ya kwantar da kai. Cikin Afrilu wani tsohon abokin aikina, Theophilus, wanda ya bar gwamnati yake aikin safiyo na kansa, ya tare ni a tasha ya ce masu gonakin filin jirgi sun sayar wa wani kamfani, za a yi gidajen ma'aikatan Abuja, shi aka ba awon, kuma ranar Litinin 20 ga Mayu zai kafa turaku. Na kawo maka labarin ina tsoron yadda za ka ɗauka. Ka juya fuska bango, ba ka sake tayar da zancen ba har mako uku.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, ka aiko Ikilima ta kira ni da hantsi. Ka sa ta fita. Ka ce in matso, sannan ka ba ni labarin jirgi na uku.

Da bazarar 1943 ne. Kurkunu ya fito maka a ƙafa, ba ka iya takawa, sai yayanka Khamis ya ce ka kwanta, shi zai riƙe maka tuta. Ranar kuwa akwai mutum shida a ƙarshen fili suna cike wani zaizayayyen wuri. Jirgi ya ɓullo yana hayaƙi, ƙasa-ƙasa, ya taɓa ƙasa a tsakiyar fili maimakon farkonsa, ya kasa tsayawa. Khamis ya ruga yana kaɗa tuta yana yi wa mutanen ihu. Jirgin ya bi ta kansu, har da shi. Shidan nan take suka cika, huɗu Musulmi, biyu masu addinin gargajiya, duk daga ƙauyuka masu nisa. Aka hana kowa fita daga sansanin sai masu bincike sun zo, ga zafi, sai aka binne su a wurin, kowa da dutse ɗaya a wajen kansa. Khamis ya yi kwana uku a hannunka, sannan ya bi su. Kai ka haƙa masa da ƙafarka mai ciwo.

"Mutuwata ya yi, Malam Sha'aibu," ka ce. Ranar ce kaɗai ka kira ni da sunana. "Ban iya faɗa wa mutane ba. Gara su ce ina jiran Bature. Ina shafa ɗari biyu ne don kada a tambaye ni bakwai. Ka nuna wa abokinka su. Bakwai ne."

Ni da rawar kaina na ce, "Na san su, Baba, ai suna cikin zanena. Ka kwantar da hankalinka."

Ka buɗe baki kamar za ka ƙara wani abu. Sai ka yi murmushi ka ce, "To, Bakano." Ban sake jin muryarka ba.

Theophilus mutumin kirki ne. Da na gaya masa, ya ce, "Oga Sha'aibu, ka nuna mini daidai wurin, in kewaye shi in sa a takarda cewa maƙabarta ce. Amma inda babu alama ba zan iya cewa akwai mutum ba, kamfani ba za su yarda ba."

Ranar Asabar, kwana huɗu da binne ka, na tafi ni kaɗai. Babur ya yi mini sauƙi a baya har na riƙa waiwaye. An yi ruwa sau uku tun da ka kwanta, ciyawa ta taso, farin duwatsu ya wanke. Na je ƙarshen fili na ƙirga. Shida. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, shida. Na tattake ciyawa hagu da dama har la'asar, ban ga na bakwai ba. Ga Litinin saura kwana biyu, kuma duk abin da ban nuna ba, harsashin ginin wani zai hau kansa.

Na dawo na tsaya bakin ƙofar Inna Daso, tana takaba, labule tsakaninmu. Na gaishe ta, na ce ko Baba ya taɓa gaya mata inda Khamis yake. Ta ce ita ba ta taɓa zuwa filin ba, ta dai san ba ya tare da sauran, yana gefe shi kaɗai. Sannan ta ce, "Ranar da kuka fara zuwa tare, ya dawo bai ci tuwo ba. Na matsa masa, ya ce an ɗauke wa Yaya dutsensa. Na ce to ka mayar mana. Ya ce ƙafa ba ta kai shi sai da kai, in ya mayar a gabanka ka san abin da ka yi ke nan. Ya ce baƙo ne, maraici ke cinsa, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce shi ai ya san wurin."

Ban san yadda na kai ɗakina ba. Na buɗe littafin 1992, ga rubutuna da kyakkyawan hannuna: "Dutse ɗaya ya kauce, an gyara." Na auna rijiya, na auna gindin tuta, har ruɓaɓɓiyar ganga na auna. Inda dutsen nan yake kaɗai ban auna ba, saboda a ganina kuskure ne, ba a kuwa auna kuskure.

Baba, na yi fushi da kai a ranar, ba zan ɓoye ba. Shekara huɗu kana bayana a babur, kana ci da ni a gindin bishiya ɗaya, kalma ɗaya ta isa. Da ka zage ni, da na ɗauko dutsen a ka na mayar, kunyar yini ɗaya ce. Ka zaɓi ka riƙa wuce kabarin ɗan'uwanka ba alama, mako bayan mako, don kada fuskar baƙonka ta canza. Har a bakin mutuwa ka buɗe baki ka sake rufewa. Na daɗe ina jin ana cewa wane yana da kawaici. Ban san nauyin abin ba sai da aka yi mini.

Da sassafe ranar Lahadi na koma. Na tsaya wajen shidan ina duban kaɗanya, tsakaninsu ciyawa ce kawai, ko'ina iri ɗaya. Na gaji na ce bari in je inuwa in zauna. Na kama 'yar hanyarmu, ƙafata tana bi da kanta, har na zo kwanar nan na fara zagayawa. A nan na tsaya cak.

Na durƙusa a tsakiyar wurin da hanyar ta kewaye, na tuge ciyawa da hannu. Akwai ɗan gurbi, girman mazaunin dutse. Na tona da yatsa, ƙasar ta fito fara. Na ƙara tonawa, fara ce har kusan tsawon yatsa, ɗigon tsintsiyarka na shekara arba'in da tara. Na je layin arewa na ɗauko dutsen. Wancan karon da gudu na kai shi. Wannan karon sau uku ina hutawa. Na ajiye shi a gurbinsa ya zauna, na shafa masa farar ƙasa, na shafa wa shidan.

Ranar Litinin Theophilus ya kafa turakun siminti huɗu suka kewaye duka bakwai ɗin, ya cire hularsa ya tsaya har na gama addu'a. Sauran duwatsun masu gini za su kwashe. Nan da shekara biyu ba wanda zai san jirgi ya taɓa sauka a wurin, sai wanda ya karanta wannan. A sabon zanen na roƙe shi ya sa 'yar hanyar nan yadda take, da kwanarta. Ya ce ba a saba ba, amma ya sa.

Allah Ya jiƙanka, Baba Isiyaku. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Yadda ka rufa asirin baƙonka, Allah Ya rufa naka ranar da asirai ke tonuwa. Allah Ya jiƙan Khamis, Ya sada ku cikin rahamarSa, Ya cire maka nauyin da ka ɗauka shekara hamsin da uku. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Daso, da Ikilima da maigidanta da 'ya'yansu, da jama'ar Wambai baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ni kuma ina roƙon gafararka, ko da yake na san ka yafe tun kafin in san na yi laifi. Inna Daso ta ce za ta ci gaba da jiƙa farar ƙasa ranar Juma'a. Samarin unguwa sun fara tambayata ko jirgin ya sauka, ina ce musu yana hanya.